Jagora: Yadda Ake Gano Harsashin da Ya Dace da Bindigar Iska don Harbin Allo

A Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu akwai masu gasar harbin allo daga nesa mai tsawo, har yadi 1,000, wato mita 914, kuma wasunsu suna amfani da manyan harsasai irin su .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, da 7mm Remington Magnum na 1962. Da yawa daga cikinsu ba sa sayen harsashin da kamfani ya riga ya haɗa. Suna haɗa nasu da kansu bisa littattafan da kamfanonin albarushi suka wallafa, suna gwadawa suna rubutawa har su dace da wanda bindigarsu ta fi yarda da shi, domin sun san cewa bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba lallai ne su so harsashi iri ɗaya ba.

Wannan aiki ba shi da gurbi a ƙauyukan Kano ko Jigawa, kuma ya kamata a faɗi haka tun farko. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja ba, sannan ta sa bindigogi masu awon .300 da .303 da milimita 7.62 cikin jerin waɗanda aka haramta wa farar hula. Ko da babu doka, matsin da ke tashi a cikin .300 Winchester Magnum yakan haura 4,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma kuskure kaɗan a awon albarushi ya isa ya tarwatsa ƙarfen a fuskar mai harbi. Abin da za mu iya ɗauka daga wurin waɗancan mutane shi ne tsarin gwajinsu, wato a sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye, a auna sakamakon da rula, a rubuta shi, kuma kada a yanke hukunci da harbi uku. Wannan tsari yana aiki daram a kan bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi ko kaɗan, kuma ita ce ake gasar mita 10 da ita a wasannin Olamfik tun 1984.

Takarda kafin komai

Bindigar iska ma tana ƙarƙashin wannan doka. An lissafa ta tare da bindigar harbin tsuntsaye cikin makaman da mutum ba zai riƙe ba sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Hukumar 'yan sanda ta sha dakatar da bayar da sababbin lasisi saboda halin tsaro, don haka wanda yake Kano ya je hedikwata a Bompai, na Jigawa kuma ya je Dutse, ya ji matsayin da ake ciki kafin ya kashe ko sisi. Duk abin da ke biye an rubuta shi ne don wanda takardarsa ta cika.

Zaɓen wuri

Ƙwayar dalmar bindigar iska ƙarama ce, amma idan aka ɗaga bakin bindiga tana iya tafiyar mita ɗari uku ko fiye, kuma a kusa tana fasa ido, tana ma iya kisa. Saboda haka wurin da ya fi dacewa shi ne wanda ƙasa mai taushi ta tsaya a bayan allon kamar bango, misali gaɓar busasshen kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini, ko tudun rairayi wanda ya fi mutum tsawo. A guji duwatsu, domin a wurare irin su Dutse da Birnin Kudu da Kazaure mutum zai ga dutse ya yi masa kyau a ido a matsayin kariya, alhali dalma idan ta bugi dutse ko kankare ko busasshen katako mai tauri tana iya dawowa ta inda ba a zata ba. Ruwa ma haka yake, ƙwaya tana tsalle a kansa. A ƙasan allon a ajiye kwali da aka cusa wa tsofaffin tsummoki dam, domin ya tare ƙwayoyin a wuri ɗaya, kuma mai harbi da duk wanda ke tare da shi su sa tabarau mai kare ido.

Bayan kaka ne gonaki suke a buɗe, amma kuma lokacin ne yara suke yawon tara kara, makiyaya kuma suke shigo da shanu cin harawa. Don haka kafin a kafa allo sai a je wurin mai unguwa a gaida shi, a ce, "Ranka ya daɗe, ina so in riƙa gwajin bindigar iska a kududdufin yamma da gari da sassafe, ga takardata, kuma na ga bai kamata in fara ba sai da saninka." A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, a kuma gaya wa mai gonar da ke maƙwabtaka. A wannan zamani da ganin mutum da bindiga a bayan gari yake tayar da hankalin jama'a, wannan gaisuwa tana cikin aikin, kuma a ganina ta fi kowane mataki da ke ƙasa muhimmanci. A samu babban mutum guda, ba yaro ba, ya tsaya a bayan mai harbi yana duban hagu da dama, kuma da zarar ya ce a tsaya sai a buɗe bindiga a ajiye.

Sanin bindigar da ke hannu

Bindigogin iska da ake samu iri uku ne a taƙaice. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Akwai mai tankin iska da ake cikawa da famfo na musamman har matsin ya kai wajen bar 200. Akwai kuma mai ƙaramin gwangwanin iskar kabon. Ta ƙarshen ba ta dace da gwaji mai tsanani a ƙasarmu ba, domin matsin iskar kabon yana hawa da sauka tare da zafi, kuma bambancin sanyin asubahin Janairu da zafin azahar na Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya isa ya sauya inda ƙwaya take sauka. Mai tanki ita ce mafi sauƙin harbi daidai, sai dai ba a cika ta da iskar oksijin ta masu walda har abada, ba a kuma sa mata man fetur ko man inji kusa da bawul, domin mai da iska mai matsi suna iya kamawa da wuta.

Mai sifirin ita ce aka fi gani, ita ce kuma ta fi wuyar sha'ani. Idan aka ja kunama, fistin ɗin da ke ciki yana rugawa gaba, bindigar ta ja baya, sannan fistin ya tsaya da ƙarfi ta sake zabura gaba, kuma duk wannan yana faruwa ne tun ƙwayar ba ta bar bututu ba. Ma'anar wannan ita ce yadda aka riƙe ta yana sauya inda take harbi. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi a harbi na farko, ya sassauta a na biyu, zai ga huji biyu nesa da juna, ya ɗora wa ƙwaya laifin da ba nata ba. Abin da gogaggu suke yi shi ne su ɗora gaban ƙotar a kan buɗaɗɗen tafin hannu ba tare da sun matse ba, tafin kuma yana kan buhun rairayi, kafaɗa da kunci suna taɓa ta kawai, a bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kowane lokaci. Yana da kyau a liƙa ɗan salatif a daidai wurin da tafin yake zama domin kada ya sauya. Ba a harba mai sifirin babu ƙwaya a ciki, domin fistin zai daki ƙarshen silinda babu abin da ya tare shi, ba a kuma ɗiga mai a ramin da iska take fita, domin man zai ƙone da ƙara da hayaƙi, gudun ƙwaya ya rikice, robar fistin kuma ta lalace.

Kafin gwaji a duba sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota, waɗanda yawanci biyu ne a gaba da ɗaya ko biyu a wajen kunama, a ɗaure su daidai ba tare da an wuce gona da iri ba. Idan akwai madubin saiti, a tabbatar irin wanda aka yi don bindiga mai sifirin ne, domin wancan motsi na baya da gaba yana kashe madubin da aka yi don bindigar albarushi. A ja layin fensir a jikin madubin daidai bakin zoben da ya riƙe shi, domin in ya zame ko da milimita ɗaya ne a gani. Sabuwar bindiga mai sifirin kuma tana bukatar harbi ɗaruruwa kafin ta zauna, don haka gwangwanin farko na sabo da ita ne kawai, kada a rubuta hukunci a kansa.

Ƙwayoyin da za a gwada

Awo biyu aka fi sani, milimita 4.5 da ake rubutawa .177, da milimita 5.5 da ake rubutawa .22. Ƙwayar tana da kai a gaba, da tsukakken ƙugu, da buɗaɗɗen gindi mai rami, kamar dai kalangu. Wannan gindi, wanda masu harbi suke kira siket, shi ne iska take buɗawa ya kama jikin bututu, shi ne kuma yake jan ƙwayar ta baya a cikin iska don kanta ya ci gaba da fuskantar gaba. Mai shafaffen kai ita ake amfani da ita a gasar mita 10, domin tana yanka takarda da huji mai tsabta, amma bayan mita 20 ko 25 takan fara warwatsewa. Mai kai mulmulalle ita ce ta fi riƙe hanya daga mita 25 zuwa 50. Mai tsini tana da kyan gani a gwangwani, amma a kan allo ba kasafai take yin abin kirki ba, domin da wuya tsinin ya zauna daidai tsakiya, kuma ban ga dalilin ɓata kuɗi a kanta ba.

Ana rubuta nauyi da giram ko da giren, giren ɗaya kuma giram 0.0648 ne. A awon 4.5, JSB Exact ta ƙasar Cek tana da giren 8.44, H&N Field Target Trophy ta Jamus 8.64, RWS Superdome 8.3, Crosman Premier ta Amurka 7.9 da kuma mai nauyi 10.5. A awon 5.5, JSB Exact Jumbo tana da giren 15.89. Bayan nauyi akwai faɗin kai, wanda kamfanoni masu kyau suke liƙa lambarsa a ƙasan gwangwani, kamar 4.50 ko 4.51 ko 4.52. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita abu ne da ido ba ya gani, amma bututu yana jin sa. Iri huɗu ko biyar sun isa a fara da su, kuma a haɗa da mai nauyi guda, musamman idan bindigar mai ƙarfi ce.

Dalilin wannan shi ne gudu. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a sanyin digiri 20, kuma ƙwaya mai siket tana fara rawa idan gudunta ya matso kusa da wannan iyaka. Kwalayen da ake buga wa manyan lambobin gudu don jan mai saye suna samun lambar ne da ƙwaya mara nauyi, wadda ba ta zuwa inda aka aike ta. Yawancin masu harbin allo sun fi samun daidaito tsakanin mita 240 da 270 a daƙiƙa, bindigogin Olamfik kuwa wajen 175 kawai suke yi. Idan aka ji harbi ya yi ƙara mai kaifi fiye da yadda aka saba, alama ce ƙwayar ta yi wa bindigar sauƙi ko kuma mai yana ƙonewa a ciki.

Tacewa

A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, a zuba ƙwayoyi kamar hamsin a hankali, a ɗauki kowace a juya gindinta sama a duba da hasken rana. Siket mai kyau zagaye yake sosai, bakinsa da kauri iri ɗaya ko'ina. Wanda ya sha jijjiga a bayan babur daga Kano zuwa ƙauye za a ga gefensa ya lotsa ya koma kamar ƙwai, wani kuma za a ga ɗan ɓarɓashin dalma ya maƙale a cikin ramin, ko layin da injin ya bari ya fito a kai har farce yana jin sa. Duk waɗannan a ware su gefe don ɗumama bututu, wato harbin share fage kafin gwaji. Wanda yake da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, mai nuna lamba uku bayan ɗigo, zai iya auna su ya ware waɗanda suka yi nisa da sauran, amma a mita 25 lotsewar siket ta fi ɗan bambancin nauyi ɓarna nesa ba kusa ba, don haka rashin sikeli ba zai hana aiki ba.

A nan ya wajaba a yi maganar dalma kanta. Mutanen arewa ba su manta abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun gwal ta kashe yara fiye da 400. Ba a sa ƙwaya a baki, ba a cin goro ko gyaɗa ana cikin tacewa, ba a yin wannan aiki a tiren da ake cin abinci, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Dalmar da ta taru a kwalin tsummoki a juye ta a gwangwani mai murfi, a ajiye inda yara da kaji ba sa kaiwa.

Ranar gwaji

A fito bayan sallar asuba da zarar gari ya waye sosai, domin a lokacin iska takan kwanta, ƙasa kuma ba ta ɗauki zafin da zai sa allo ya riƙa rawa a madubi saboda kawalwalniya ba. A cikin hunturu iskar arewa maso gabas takan tashi da hantsi, kuma iska mai gudun mita 4 a daƙiƙa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganye ba, tana iya ture ƙwayar 4.5 kusan santimita 2 a mita 25. Wannan ya fi bambancin da ake nema tsakanin ƙwaya da ƙwaya. A kafa kara biyu tsakanin benci da allo, a ɗaura wa kowane siririn ƙyalle, kuma a yi harbi ne kawai idan ƙyallayen sun koma yadda suke a harbin baya.

A auna mita 25 da tef ɗin magina daga bakin bindiga zuwa allo, kada a dogara da taku. A samu tebur ko benci da ba ya girgiza, da kujera mai tsawon da zai sa mutum ya zauna ba tare da ya miƙa wuya ba. A kan farar takarda mai kauri a zana ɗigo baƙi guda shida, kowane kamar girman ƙwayar wake, a bar santimita 8 ko 10 tsakaninsu, a liƙa ta a kwali. Idan madubin yana da zoben daidaita nisa, a juya shi har allon ya fito sarai, sannan a ɗan motsa kai hagu da dama ba tare da an taɓa bindiga ba. In gicciyen layukan da ke cikin madubin yana yawo a kan ɗigon, ba a daidaita ba tukuna.

Yanzu sai a ɗauki iri na farko a harba goma zuwa ashirin daga cikin waɗanda aka ware, a kan wata takarda dabam. Kowane kamfani yana da haɗin dalmarsa da man da yake shafa mata, kuma bututu yana bukatar ya ɗauki shafin sabuwar ƙwaya kafin ya nuna gaskiyarta. Wanda ya tsallake wannan yana gwada ƙwaya ta biyu ne a kan ragowar ta farko. Bayan haka a harba goma a ɗigo ɗaya, kowace a tura ta cikin bututu zurfi iri ɗaya, a saita tsakiyar ɗigon, a saki numfashi rabi, a matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta, kuma a ci gaba da kallon allo daƙiƙa biyu bayan harbin kafin a ɗaga kai.

Abu mafi wuya a wannan mataki shi ne mutum ya hana hannunsa taɓa maɓallan madubi. Ƙwayoyin za su iya taruwa santimita uku a ƙasa da ɗigon ko a gefensa, kuma wannan ba matsala ba ce, har ma ya fi, tunda ɗigon da ake saitawa bai yage ba. Abin da ake nema a yau shi ne yadda suka matsu da juna. Inda suka sauka aikin wata rana ne.

Idan an gama goma, a rubuta a jikin takardar sunan ƙwaya da nauyinta da faɗin kanta, da nisa, da kwanan wata da lokaci, da yanayin iska. Idan mai harbi ya san ya fizgi kunama a wani harbi, ya faɗa tun kafin ya duba inda ta sauka, ya sa mata alama. Hujin da ya fita daga cikin 'yan'uwansa ba tare da an san dalili ba kuwa dole a ƙidaya shi, domin ƙwayar da ke jefar da ɗaya cikin goma ita ce ake son a gano. A huta minti biyar, a sha ruwa, sannan a koma iri na biyu da ɗumama bututu daga farko.

Awo da karatun takarda

A ɗora rula daga gefen waje na huji mafi nisa zuwa gefen waje na wanda yake ɗaya ɓangaren, sannan a cire faɗin ƙwaya ɗaya. Idan an sami milimita 21.5 da ƙwayar 4.5, faɗin rukunin milimita 17 ne daga tsakiya zuwa tsakiya. Wannan lamba ita ake rubutawa.

Dalilin nacewa a kan goma shi ne lissafi. Harbi uku suna iya haɗuwa a huji ɗaya da sa'a kawai, kuma ƙwayar da ta yi haka yanzu za ta iya ba da rukuni mai ninkin wannan faɗi bayan minti biyar ba tare da komai ya sauya ba. A matsakaici, rukunin harbi biyar ya fi na uku faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na goma kuma ya fi na biyar da kusan haka, don haka ba a kwatanta rukunin goma da na biyar, kuma kada mutum ya karaya idan ya ji wani yana alfahari da nasa ukun. Ko rukunin goma guda ɗaya bai isa hukunci ba. Idan wata ƙwaya ta ba da milimita 15, wata 17, ba a san wadda ta fi ba tukuna. Idan kuwa wata ta ba da 15, wata 30, ana iya sallamar ta biyun. A zagayen farko ana fitar da marasa kyau ne kawai. Biyu ko uku da suka rage a sake gwada su a wata safiya, rukuni uku uku, kuma a juya jerin, wadda aka fara da ita jiya ta zama ta ƙarshe yau, domin gajiyar ido da tashin iska kada su riƙa faɗa wa ƙwaya ɗaya kullum. Sai a haɗa lambobin kowace a raba, a ɗauki mai ƙaramin matsakaici.

Siffar rukunin ma tana magana. Idan ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, a zargi bambancin gudu, ko numfashi, ko sauyin wurin da tafi yake, ko kuma makullin bututu da ya saki a bindiga mai karyawa. Idan ya miƙe daga hagu zuwa dama, yawanci iska ce ko fizgar kunama, ko karkatar da bindiga gefe. Idan ya rabu gida biyu, ko yana tafiya sannu a hankali zuwa gefe ɗaya, a koma kan sukurori da layin fensir ɗin da aka ja a madubi. Huji mai tsawo maimakon zagaye yana nuna ƙwayar ta iso a karkace, kuma irin wannan ba ta dace da bututun ba ko kaɗan. Wanda ya sami na'urar auna gudu zai ga dalilin wasu daga cikin waɗannan a lamba: bambancin da bai wuce mita 4 ko 5 a daƙiƙa ba tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri cikin harbi goma abu ne mai kyau. A mai tanki wadda ba ta da na'urar daidaita matsi, gudun yakan hau, ya daidaita, sannan ya sauka yayin da iska take raguwa, don haka a gano tsakiyar nan a riƙa gwaji a cikinta.

Sai bayan an tsayar da iri ɗaya ne ake gwada faɗin kai, 4.51 da 4.52 misali, da wannan tsari dai, ba tare da an sauya komai ba sai shi.

Saita madubi

Yanzu ne lokacin maɓallai. Yawancin madubai an rubuta musu cewa kowane ƙas ɗaya na maɓalli rubu'in MOA ne (ma'aunin kusurwa), wato kimanin milimita 7.3 a mita 100, wanda ya zama milimita 1.8 a mita 25. A nemo tsakiyar rukunin, a auna nisanta daga ɗigon a tsaye da kuma a kwance. Idan tana santimita 2 a ƙasa, sai a raba 20 da 1.8, a sami ƙas 11 zuwa sama. A juya, a harba biyu ko uku a gefe don cikin madubin ya zauna, sannan a harba biyar a sabon ɗigo a tabbatar. Ba a bin huji ɗaya da maɓalli, tsakiyar rukuni ake bi.

Ƙwayar da ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa tana faɗuwa kusan santimita 6 daga layin bututu a mita 25, a mita 50 kuma fiye da santimita 25, domin idan lokacin tafiya ya ninka, faɗuwar tana ninkawa sau huɗu. Tunda madubi yana santimita 4 ko 5 sama da bututu, a mita 10 za a ga ƙwayar tana sauka ƙasa da inda aka saita duk da cewa a 25 tana daidai. Hanya mafi aminci ita ce a kafa allo a mita 10, 15, 20, 30, 35 da 40, a harba biyar a kowane ana saita ɗigon, a auna hawa ko saukar kowane rukuni, a rubuta a ƙaramar takarda a liƙa a jikin ƙota. A sake duba wannan takarda idan bazara ta shigo, domin iska mai zafi ta fi ta hunturu sauƙin ratsawa, man da ke jikin sifirin ma yana sakin jiki.

Gwangwanin da ya yi nasara a duba ƙasansa a kwafe lambar rukunin masana'anta a littafi, domin ƙwaya mai suna ɗaya da aka buga a wani injin ko wata shekara tana iya bambanta. Idan hali ya yi, a sayi gwangwani da yawa masu wannan lamba, a ajiye su a inuwa da ɗan soso a ƙarƙashin murfi don kada su yi ta gogar juna a hanya. Bututu ba ya bukatar wanki sai rukuni ya fara buɗewa ba dalili, kuma a lokacin ƙyalle mai tsabta da aka ja da zaren kamun kifi daga baya zuwa gaba ya wadatar, musamman bayan ƙurar hunturu, sannan a sake ɗumama shi da harbi ashirin kafin a amince da abin da takarda ta nuna. Bindigar kuma a ajiye ta a kulle babu ƙwaya a ciki, ba a ɗane ba, ƙwayoyin a wani wuri dabam, lasisin kuma a cikin jakar da ake fita da ita.